Lungun da Sa'a Ta Hana a Share

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Hajiya Sa'adatu, taubashiyata, wadda duk dangi ke kira Sa'a. 'Yar kawuna ce, ni ɗan gwaggonta, don haka tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba a yi tsiya ba. Yawancin masu irin wannan rubutu da ibadar mamaci suke farawa, sai su bi da haƙurinsa. Ibada kam tana da ita, Allah Ya karɓa mata. Haƙuri kuwa, in na ce Sa'a mai haƙuri ce na yi mata ƙarya, kuma na san ba za ta so ba. Abin da nake so in ba ku labari shi ne wani lungu a bayan ɗakinta, wanda ta yi shekara da shekaru ta hana a sa masa tsintsiya, da 'yar ciyawar da ke fitowa a cikinsa.

Mu 'yan wani ƙauye ne a gefen kogin Challawa, ta wajen Kumbotso, wanda in ka je yau ba za ka kira shi ƙauye ba. Muna yara akwai wani kurmi tsakanin gonakinmu da bakin ruwa. Kanya, ɗinya, ɓaure, marke, duk sun haɗa kai a sama, rana ba ta sauka ƙasa sai ɗigo-ɗigo. Ƙasar wurin baƙa ce mai taushi, ganye ya rufe ta, in ka taka sai ƙafarka ta nutse. A nan wannan ciyawa take fitowa in damina ta yi nisa. Kakarmu tana ce mata ɗoɗɗoyar kurmi. 'Yar'uwar ɗoɗɗoyar gida ce da na'ana'a, kuma ka gane dangin nan cikin sauƙi: in ka murza karan tsakanin yatsunka za ka ji kusurwa huɗu gare shi, ganyen kuma bibbiyu suke fitowa suna kallon juna. Tsayinta bai wuce gwiwa ba. Furanninta ƙanana ne, shuɗaye da ɗan sirkin ja, sun jeru a kan tsinke, kowanne da ɗan bakinsa a buɗe. Ƙamshinta ya fi na ta gida sanyi, akwai kamar na lemun tsami a ƙarshensa. Mata suna busar da ita su sa a adaka cikin tufafi, a jefa a ruwan wankan jego, a rataya dami a bakin ƙofa saboda sauro. Ba wanda ya shuka ta, ba kuma wanda ya taɓa tunanin za ta ƙare.

Sai kamfanoni suka zo. Ba zan zage su ba, don da su na ci na sha, na yi aure, na gina gida a Sharaɗa. A Bompai na koyi aikin injin saƙa, daga baya na dawo wata masaƙa a nan Challawa, a nan na tsufa. Amma da idona na ga yadda kurmin ya tafi, kuma ba rana ɗaya aka kashe shi ba. Masu abinci na bakin kamfani suna neman itace, masu bulo suna neman yashi, ma'aikata suna neman fuloti. Ruwan da ke gangarowa ta kwatami yau ja, gobe baƙi, jibi ka rasa sunan launinsa. Kowa ya ɗan gutsiri gefensa, kowa kuma da hujjarsa. Ranar da aka kafa turaku a ragowar wurin, maza duk hirar aikin da za a samu ake yi. Sa'a ce kaɗai ta tambayi ina ɗoɗɗoyar za ta koma, aka yi mata dariya.

Lokacin tana gidan mijinta, marigayi Alhaji Sule mai hatsi. A bayan ɗakinta akwai wata tsohuwar kanya, ragowar dajin da, wadda katangar gidan ta haɗiye. Sa'a ta ɗauki daro ta nufi kurmi kafin katafila ta shiga. Da farko ta yi abin da kowa zai yi. Ta tono ƙananan da saiwarsu, ta dasa a gwangwanaye, ta jera a tsakar gida inda rana ke bugawa, ga ruwa safe da yamma, ga kashin awaki. Suka yi yaushi suka mutu. Ta koma ta sake tonowa, ta ƙara hidima, suka ƙara saurin mutuwa. Zuwanta na ƙarshe an riga an fara sare itatuwa, kaka ta wuce, ciyawar ta bushe, babu abin tonowa. Don haushi ta yi ta kwasar ƙasar wurin da ruɓaɓɓen ganye tana juyewa a gindin kanya, ta karkaɗe hannu ta ce ita ta gama, abin da Allah Ya so ya faru. Damina na zagayowa lungun ya cika da ɗoɗɗoya, ƙamshi har zaure.

Daga nan ta gane halin abarta. Ba ta son hidima, ba ta son fartanya, ba ta son rana. Inuwa take so, da ganyen da itace ke zubarwa, da a ƙyale ta. In rani ya shigo takan bushe ƙarmas, ba abin da za ka gani sai tsinkaye, ka rantse ta mutu. Amma irinta, wanda bai kai na alayyahu girma ba, ya riga ya zube cikin ganyen, kuma ganyen ne ke ɓoye shi daga rana da kaji har ruwa ya sauka. Wanda ya share lungun da rani, ɗoɗɗoyar baɗi ya share. Sa'a ta sa aka kewaye wurin da darnin kara, ta kafa doka: ba tsintsiya, ba wuta, ba shanya.

To, ku da kuka san matan Kano kun san abin da ta ɗauko wa kanta. Mace da mutuncinta, ɗakinta tsaf, kwanukanta na sheƙi, amma ga juji a bayan ɗaki, kuma da gangan. Unguwa ta ɗauka. Wadda ta fi kowa kasa haƙuri ita ce aminiyarta, Hajiya Mairo, da katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Ban taɓa ganin mai tsabta irin Hajiya Mairo ba. Tana share gidanta safe da yamma, ta share ƙofar gida, in ta ga ta maƙwabta ba ta yi mata ba ta haɗa da ita. Su biyun tare suke zuwa biki, tare suke zuwa makarantar Islamiyya, tare suka sauke farali, amma a kan lungun nan sun yi musu har furfura ta kama su. Hajiya Mairo ta ce ƙazanta ce aka sa wa suna. Sa'a ta ce ai ba a gayyace ta zama a ciki ba. In ɗoɗɗoyar ta yi fure Hajiya Mairo takan karɓi daminta ta sa a adaka, ta yaba ƙamshi, amma ba ta taɓa yarda ƙamshin da jujin abu ɗaya ba ne. A ganinta, da za a share wurin ƙal a yayyafa ruwa, sai ta fi haka kyau.

An taɓa kawo mata duba-gari, ba mu san wanda ya kai ƙara ba, ko da yake muna da zato. Mutumin ya shigo yana ɗaure fuska. Sa'a ta shimfiɗa masa tabarma a bakin darni, ta tsinko ganye ta ce ya murza ya sansana. Aka jima aka ga ya fito da dami a hammata, wai matarsa ce ta haihu. Kada kuma in ɓoye muku, maganar masu suka ba duka ce banza ba. Kunama ta taɓa harbin Alhaji Sule a wurin, ya shiga tsintar kanya. Yana birgima yana salati, Sa'a tana ɗaure masa ƙafa tana tambayarsa wa ya ce ya shiga ba takalmi.

Ni kuwa lungun nan ya zama gonata. A al'adarmu ta taubasantaka ɗan mace shi ne bawa, ɗan namiji ubangida, don haka duk watan cika-ciki sai in je gidanta karɓar kuɗin shara. Sauran taubasai da baki suke tambaya. Ni da sabuwar tsintsiya nake zuwa, in wuce ta ko gaisuwa babu, in nufi bayan ɗaki ina naɗe hannun riga, ina cewa tunda za a biya ni sai na yi aikin. Ta biyo ni da muciya. Ƙarshe sai a zauna a yi sulhu da kwanon dambun nama. Takan ce duk faɗin Kano ita kaɗai ce ke sallamar bawanta don kada ya yi shara. Wallahi har yau in watan ya kama sai in ji gidana ya yi mini shiru.

Da bazara Sa'a ta rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya, a irin zafin nan da ko kare ba ya yawo. Alhaji Sule ya riga ta da daɗewa. Mu maza muna ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, mata sun cika ciki, don Sa'a mai jama'a ce, tun daga Zawaciki har Hotoro an zo. Tsakar gida ba inuwa, tsofaffi suna neman faɗuwa. Inuwa ɗaya ce a gidan, ita ce ta kanya, wadda ba ta kaɗe ganye ko da rani. Sai Hajiya Mairo, tana kuka tana komai, ta tara matan unguwa. Suka cire darni, suka tuge busassun tsinkaye, suka share ganyen shekaru har sai da jar ƙasa ta fito, suka yayyafa ruwa, suka shimfiɗa tabarmi. Ta ce ba za ta bari baƙi su zo su tafi da labarin aminiyarta ta mutu ta bar juji a gida ba. Wannan shi ne gata na ƙarshe da za ta iya yi mata, kuma da zuciya ɗaya ta yi shi.

Ban sani ba sai ranar sadakar uku, da na shiga gaida mata. Na ga gindin kanya fes, mata jere a kan tabarmi suna jan carbi. Tun ranar jana'iza ban yi hawaye ba, sai a nan. Matan suka yi ta ba ni haƙuri, suna cewa ai dole in yi kuka, tare muka taso da ita. Zulai kaɗai, 'yar Sa'a, ta gane abin da nake kallo. Ta jawo ni gefe ta ce, “Kawu, don Allah kada ka ce wa Hajiya Mairo komai. Ba za ta iya ɗauka ba.” Na yi mata alkawari.

Muka sa rai ko wani iri ya maƙale a ƙasa. Damina ta zo, Zulai ta hana a taɓa wurin, amma ƙafafun masu ta'aziyya sun daddaɓe ƙasar ta yi tauri kamar daɓe, ba abin da ya fito sai 'yar tsidau. Bayan nan aka yi rabon gado, gidan bai rabuwa, aka sayar. Wanda ya saya ya sare kanyar ya jera ɗakunan haya. Ban ga laifinsa ba, shi ɗakuna ya saya, ba tarihi ba.

Sau da yawa nakan zauna ina tunanin me Sa'a za ta ce in ta leƙo yau. Gidajenmu duk an malale su da siminti, ko ɗan wurin da kaza za ta yi tono babu. Ciyawa in ta fito a ƙofar gida ba a ma nome ta, feshi ake yi mata ta ƙone. Amare suna jera furen roba a falo, suna fesa masa turare. Na tabbata wannan sai ya fi komai ba ta dariya. Za ta ji daɗin yadda ake ta kiran a dasa itatuwa a rediyo, amma za ta tambaya, kamar yadda ta saba, wa ke maganar abin da ke zaune a ƙarƙashin itatuwan. Zulai, da yake malamar kimiyya ce a sakandare, ta bincika mini. Ta ce ba ta samu inda aka ƙidaya wannan ciyawa ba, balle a ce tana cikin haɗari ko ba ta ciki. Mai yiwuwa tana nan da yawa a dazuzzukan kudu da mu, inda ruwa ya fi sauka, inda har yanzu akwai kurmi. Amma ta ce abu yana iya cika duniya ya kuma ƙare a garinku, kuma yawanci haka ƙarewar take farawa, gari bayan gari, ba wanda ya lura. Ni dai na duba inda ƙafata za ta iya kai ni, bakin kogi, bayan gonaki, tsofaffin lambuna, ban gan ta ba.

Sai a shekara ta uku wani tunani ya faɗo mini, ina tsaye ina kallon wani mai jaki yana lodin juji. Sharar gida a wajenmu ba ɓacewa take yi ba. Tarawa ake yi a ƙofar gida, masu jakuna su kwashe da bazara su kai gona a matsayin taki. Wanda ke kwashe ta unguwar su Sa'a kuwa sananne ne, Malam Iro. Na same shi ya daina aikin, yana sayar da rake. Da na yi masa bayani sai ya kwashe da dariya, ya ce yaya za a yi ya manta da sharar gidan makokin nan, ai ita ce ta jawo masa faɗa. Manomin da ya kai wa ya leƙa mangala ya ce wannan ba taki ba ne, zallar ganye ne, ba kashin dabba ba toka, ya juya da abinsa. Ga jakuna sun gaji, ga rana. Sai ya bi ta bayan wata masaƙa da aka rufe, inda katanga ta rushe, ya juye kayan a ciki ya kama gabansa.

Masaƙar da na yi wa aiki ce. Tun da aka rufe ta aka sallame mu ban ƙara taka wurin ba, ko hanyar ba na son bi. Na daure har tsakiyar damina, na ɗauki Zulai muka tafi. Maigadin tsohon abokin aikina ne, ya buɗe mana yana mamaki. Abin da na gani a bayan ɗakin rini ban zata ba. Shekarun da ba kowa, tsuntsaye da jemagu sun yi ta shuka. Ceɗiya da ɓaure sun fasa siminti sun yi sama, darbejiya ta cike tsakani, ganye ya taru ba mai sharewa. Kurmi sosai, a cikin kamfani. Tun kafin mu ƙarasa bakin rusasshiyar katangar Zulai ta tsaya cak, ta kama hannun rigata. Ƙamshin ya riga mu. Ga ta nan, shuɗiya shar, ta bazu fiye da yadda ta taɓa yi a gidan uwarta. Muka tsaya muna dariya, Zulai na share ido da gefen mayafi, maigadi na kallonmu kamar waɗanda suka taɓu.

A ranar na so a ce Sa'a na kusa, don in ga yadda za ta yi da bakinta. Kamfani ya cinye kurmi, ga kurmi ya dawo ya cinye kamfani, kuma abin da ya ceci abarta shi ne manomi ya raina ta, mai jaki ya gaji, masu wuri sun tafi. Na san abin da za ta ce: ai ta faɗa mana tun tuni a ƙyale ta, ba mu ji ba. Daga shekarar duk damina sai mun je. Muna yankar kaɗan, mu bar mafi yawa ta zubar da iri.

Bara aka sayi masaƙar, za a mai da ita kamfanin casar shinkafa. Na yi murna, kuma har yanzu ina yi, don matasanmu sun gaji da zaman kashe wando. Amma na san abin da zai fara shiga wurin, katafila ce. Na sa babbar riga na je wajen manajan. Yaro ne mai ladabi, ya saurare ni har na gama, ko da yake na ga yana danne dariya. Ya ce wurin nan manyan motoci za su riƙa juyawa, ba yadda zai yi, amma kafin a fara aiki in kwashi duk ƙasar da nake so, har mota zai ba ni. Na gode masa. Sai a hanyar gida na tuna ba ni da inda zan kai ta. Gidana siminti ne bango zuwa bango. Zulai a saman bene take haya a Hotoro. Muka bi dangi ɗaya bayan ɗaya, mai itace ya sare, mai fili ya gine. A duk waɗanda muka sani, gida ɗaya ne ya rage da babbar inuwa da ƙasa a gindinta. Akwai wani tsohon durumi a tsakar gidan Hajiya Mairo, wanda take share gindinsa safe da yamma.

Zulai ta ce ita kunya ba za ta bar ta ba, tunda ita ta sa aka ɓoye, in je ni kaɗai. Na tarar da Hajiya ta tsufa, tana dogara sanda, amma gidan ko tsinke babu. Muka gaisa, muka yi wa Sa'a addu'a, na yi ta kewaye-kewaye har ta ce in faɗi abin da ya kawo ni, ta ga bakina da magana. Na faɗa mata duka, tun daga tabarmin makoki har jakunan Malam Iro.

“Wato ni na kashe mata ita,” in ji ta.

Na ce, “Ba ku kashe ba, Hajiya. Ƙaura kuka sa ta.”

“Shekara takwas ina cewa na rufa wa Sa'a asiri. Duk daminar duniya ina jiran Zulai ta aiko mini da dami, da na ji shiru na ce yarinya ta manta da ni. Ashe ni ce. Me ya hana ku gaya mini?”

Na ce tsoron ɓacin ranta muka ji. Ta harare ni, ta ce ita da Sa'a sun yi shekara talatin suna ɓata wa juna rai ba wadda ta mutu, sai mu ne za mu tausaya mata. Daga nan ta nuna gindin durumin da sanda, ta ce a kawo.

Aka kawo ƙasa da ganye mota guda. Surukanta suna tsaye baki buɗe, ana juye juji a tsakar gidan da ko ɓawon gyaɗa ba a isa a yar ba. Ita da kanta ta sa aka kafa darni. Ruwan farko ya sauka, shiru. Na biyu, shiru. Ta fara aiko mini da saƙo, wai ko in zo in ga ko a ɗan sassaƙa ƙasar, ko a ɗan zuba ruwa. Na ce a gaya mata ta zauna a kan hannunta. Da damina ta kankama sai ga kiranta da sassafe, ko sallama ba ta gama ba ta ce in zo yanzu. Ba ta kai ta masaƙa yawa ba, ko rabi, don inuwar durumi ba irin ta kurmi ba ce. Amma ta fito, ta yi fure, ta zubar da iri, kuma wasu mata biyu masu itace a gida sun riga sun roƙi a ɗebar musu ƙasa in an kwana biyu.

In na auna abin da Sa'a ta bari, ba shi da yawa a ido. Gidan ya tafi, kanyar ta tafi, kurmin da muka tashi a ciki ko wurinsa ba na iya nunawa daidai. Ba ta kafa ƙungiya ba, ba ta taɓa magana a taro ba. Abin da ya rage shi ne 'ya ta gari, da 'yar ciyawa a gindin itace ɗaya, a hannun tsohuwa ɗaya, kuma ba zan yaudare ku in ce ta tsira ba. Gatari ɗaya ya isa, buhun siminti kaɗan sun isa. Amma ta bar mana wani ilimi da ban ji shi a wajen kowa ba: akwai abin da kulawarsa ita ce ka janye hannunka, ka jure surutun mutane. Mu da muka iya gyara da sharewa da malalewa, wannan ya fi komai yi mana wuya. Allah Ya jiƙan Sa'a, Ya yalwata mata makwanci, Ya sanya ta a inuwar da ba ta gushewa.

Makon jiya na leƙa Hajiya Mairo. Bazara ce, lungun ya bushe, tsinkaye da ganye sun taru a bayan darni. Na tsokane ta na ce gida ya yi kyau. Ta ce in rufe mata baki, ita har gobe ƙazanta take gani, in ta fito alwala sai ta kau da kai. Sai ta ƙwala wa surukanta kira, suka zo suka durƙusa, ta ce tana so su ji da kunnensu, ga ni shaida.

“Ranar da na mutu za a cika gidan nan, kuma za a nemi inuwa. Ku kafa rumfa a waje, ku ari ta maƙwabta, wanda zafi ya dama ya koma gidansu. Amma kada wata mai ƙaunata ta yi mini irin gatan da na yi wa Sa'a.”

Ta juyo ta dube ni. “Kai kuma, in kana da rai, ba a ƙofar gida za ka zauna karɓar gaisuwa ba. Nan za ka tsaya, a bakin darni.”

Na ce na ji, na kuma ɗauka.